Tarihin Ƙwayar Cuta Mai Cin 'Yar'uwarta

Wani mai sauraronmu, manomi kuma mai kiwon kaji, ya aiko mana da takarda yana tambaya: wai da gaske ne akwai ƙwayar cuta da ke farautar 'yar'uwarta, har masana na son mayar da ita magani? Yaushe aka gano ta?

To Malam, da gaske ne. Sunanta Bdellovibrio, kuma farkon sunan na nufin matsattsaku a harshen Girka. Wani masani Bajamushe, Heinz Stolp, shi ya gano ta a birnin Balin a 1962. Abin da zai ba ka sha'awa a matsayinka na manomi, a cikin ƙasar noma ya same ta, yana binciken wata cuta da ke kama wake. Ba ita yake nema ba. Ya bar farantan gwajinsa ne sun yi kwanaki, sai ya ga wani abu na cinye ƙwayoyin cutar da ya shuka a kai. Da ya duba a madubin likita, sai ga wata 'yar mitsitsiya tana iyo da gudu, ta manne wa babba, ta huda ta, ta shige ciki. Cikin awa uku zuwa huɗu ta cinye ta, ta hayayyafa, 'ya'yan su fasa su fito neman wata.

Amma a lokacin likitoci ba su damu da ita ba. Me za su yi da ita? Penisilin da Alexander Fleming ya gano a 1928 da ire-irensa suna aiki kamar yankan wuƙa. Shi kansa Fleming ya yi gargaɗi tun 1945 cewa shan maganin da bai kai ƙima ba zai sa ƙwayoyin cuta su saba da shi. Haka kuwa aka yi. Mu ma nan da hannunmu a ciki: a sayi kafso biyu a tire, a sha, da an ji sauƙi a bari, ragowar a zuba wa kaji a ruwa. An ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka rasu a duniya saboda cututtukan da suka daina jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce abin ya fi yi wa ɓarna idan aka duba yawan jama'a.

Wannan ya sa aka waiwayi mafarauciyar. A 2011 masana a Jami'ar Nottingham ta Ingila sun ɗura wa 'yan tsaki ita, ta rage ƙwayar Salmonella a hanjinsu, tsakin kuma suka ci gaba da girma lafiya. A 2016 aka gwada ta a kan 'ya'yan kifi masu ɗauke da ƙwayar atuni wadda ba ta jin magani, da yawa suka rayu.

Sai dai Malam, ba kowace ƙwayar cuta take ci ba, kuma har yanzu a kan dabbobi ake gwaji. Ba a sayar da ita a kemis, na mutane ko na kaji. Wanda duk ya kawo maka kwalba a kasuwa ya ce ita ce, riƙe kuɗinka.