Faci

faci (suna, namiji)

1. Hujewar taya har iska ta zube: *Mun yi faci a hanyar Zariya, safaya kuma babu iska.*

2. Liƙe wannan hujin. Mai faci yakan zaro tiyub, ya hura masa iska, ya tsoma shi a ruwa; inda kumfa ta taso nan ɓarnar take. Sai ya kankare wurin, ya shafa gam, ya ɗora guntun roba, ya gasa. Taya marar tiyub kuwa, zaren roba mai danƙo ake cusa mata a hujin. Facin gefen taya ba abin yarda ba ne, gara a sauya ta.

3. Maho a tufafi.

mai faci (jam'i: masu faci): mai wannan sana'a a bakin titi.