Haile: sunan namiji a ƙasar Habasha

Haile suna ne na maza da ya yaɗu tsakanin Amhara da Tigray, Kiristocin tsaunukan Habasha. Tushensa kalmar "hayl" ce ta Ge'ez, tsohon harshen da Cocin Otodoks na ƙasar ke ibada da shi har yau, ma'anarta ƙarfi ko iko. Asalinsa rabin suna ne, sai an jingina shi da wani abin girmamawa yake cika: Haile Mariam ikon Maryamu, Haile Giyorgis ikon waliyyi Jojis, Haile Selassie ikon Triniti. A gida akan datse shi a ce Haile kawai, kamar yadda Abdullahi ke komawa Abdu a bakin Bahaushe.

Irin waɗannan sunaye daga coci suke fitowa. Ana yi wa jariri namiji baftisma ranar da ya cika kwana 40, mace kuwa kwana 80, limamin coci ya raɗa masa sunan Kiristanci. Sau da yawa wannan suna ba ya fita kasuwa. Da shi ake yi wa mutum addu'a, da shi ake sallamarsa ranar jana'iza, amma unguwa ta san shi da wanda iyaye suka sa masa.

Haka abin ya kasance ga Tafari Makonnen, wanda aka haifa a 1892 kusa da Harar. Ya yi shekaru yana Ras Tafari, sai da aka naɗa shi sarkin sarakuna a Addis Ababa ranar 2 ga Nuwamba 1930 ya hau gadon mulki da sunan baftismarsa, Haile Selassie. Kafin shi ma akwai Haile Melekot, sarkin Shewa, mahaifin Menelik na Biyu.

Abin ban mamaki, sojan da ya fi ƙarfi a cikin waɗanda suka tumɓuke Haile Selassie a 1974 yana ɗauke da sunan: Mengistu Haile Mariam. Sai dai nasa na mahaifinsa ne, domin Habashawa ba su da sunan dangi, sunan uba ke bin na ɗa. Jaridun ƙetare sun sha tuntuɓe a nan, suna kiran mutum da sunan babansa.

A fagen tsere kuwa akwai Haile Gebrselassie, haifaffen Asella, wanda ya ci zinare a gudun mita 10,000 a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 da ta Sydney a 2000.