Malami da Yaron da Ya Tsere wa Yaƙi: Mazhabar Mutuntaka a Azuzuwan Diffa

A ranar 6 ga Fabrairu 2015 mayaƙan Boko Haram suka kai hari garuruwan Bosso da Diffa, cikin 'yan kwanaki kuma gwamnatin Nijar ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar. Aka hana hawa babur, aka tsayar da cinikin tattasai da kifi, waɗanda su ne abin dogaron mutanen kwarin Komadugu, a watan Mayu aka kwashe mazauna tsibiran tafkin Chadi. Kafin shekarar ta ƙare an rufe makarantu fiye da 100 a ƙauyukan bakin iyaka. Harin Bosso na 3 ga Yuni 2016 ya sake koro dubban mutane, suka kafa bukkoki a gefen babbar hanyar da ta haɗa Diffa da Ngigmi. 'Ya'yan waɗannan gidaje ne suka cika azuzuwan zana da tantuna, a sansanin Sayam Forage da unguwannin birnin Diffa. Me ake nema wurin malamin da ke tsaye gabansu da alli a hannu?

Akwai wata mazhaba a ilimin halayyar ɗan Adam da ta daɗe tana fama da irin wannan tambaya. Ta taso a Amurka a shekarun 1950, tana jayayya da manyan makarantu biyu na lokacin: ta su Skinner, masu ganin lada da horo ne ke sarrafa hali, da ta Freud, mai tono cutar da ke binne a zuciya tun ƙuruciya. Abraham Maslow da Carl Rogers, jagororin sabuwar mazhabar, suka ce a fara da mutumin kansa, mai daraja, mai son ya girma idan ya sami fili. Ita nake nufi da mazhabar mutuntaka.

Abin da ya fi shahara daga gare ta shi ne jerin bukatun da Maslow ya kawo a maƙalarsa ta 1943: ci da sha da barci, sai tsaro, sai ƙauna da zama cikin jama'a, sai ganin ƙima, daga ƙarshe mutum ya kai ga iyakar baiwarsa. A tarukan horar da malamai ana zana shi kamar dala, ana cewa sai an gama da hawan ƙasa a taka na sama. Wannan fahimta tana da haɗari a wuri kamar Diffa. In har sai tsaro ya kammala yaro zai koyi karatu, to yaran Tumur da Bosso tun 2015 suke jira, kuma ba wanda zai ce musu ga ranar da jiran zai ƙare. Shi Maslow bai zana dalar ba, masu rubutu kan sarrafa ma'aikata ne suka zana ta daga baya, kuma a cikin maƙalar ya bayyana cewa ba sai bukata ta biya ɗungurungum wata ke tasowa ba. Abincin makaranta wajibi ne, ba mai musun haka. Yaro da yunwa ba ya jin darasi. Amma matsayina shi ne, wani kaso na tsaron da yaro ke bukata a hannun malaminsa yake, kuma ana iya ba shi yau.

A nan Rogers ya fi amfani. A littafinsa Freedom to Learn na 1969 ya ɗauko sharuɗɗa uku da ya gano wajen jinyar masu damuwa ya kawo su aji: malami ya zama na gaskiya, ba mai fuska biyu ba, ya karɓi ɗalibi da daraja ba tare da gindaya sharaɗi ba, ya yi ƙoƙarin ganin abu yadda ɗalibin ke ganinsa. A ɗauki yarinya 'yar shekara 9 da aka kira gaban allo ta karanta jimla. Iska ta buga kwanon rufi da ƙarfi, ta zabura, ta sandare, alli ya faɗi. Malamin da bai san daga inda ta fito ba zai ga taurin kai ko daƙiƙanci, ya ɗaga bulala, 'yan aji su yi dariya. Daga ranar ta koyi cewa aji ma wurin tsoro ne. Wani malamin zai kira sunanta a hankali, ya ce ta zauna ta sha ruwa, ya ci gaba da darasi kamar ba abin da ya faru, gobe ya sake kiranta da jimla mai sauƙi. Bai rage mata komai daga abin da zai koya mata ba. Ya dai hana tsoro ya shiga tsakaninta da allo.

Ganin abu da idon yaro a Diffa dole ya taɓa maganar harshe. Yaro ya taso da Barbarci ko Hausa ko Fulatanci ko Tubanci, ya shigo aji a tare shi da Faransanci, wanda ya gudo daga Damasak ko Malam Fatori a Najeriya kuwa da Ingilishi ya fara, in ma ya fara. Dattawan da suka yi lakkol zamanin da suna tuna alamar da ake rataya wa duk wanda ya kuskura ya yi harshen gida. Nijar ta fara gwajin koyarwa da harsunan ƙasa tun 1973, kuma a 2025 ta ɗaukaka Hausa zuwa harshen ƙasa. Sai dai a Diffa, inda Barebari suka fi yawa, darajanta yaro na nufin a bar shi ya fara tunani da harshen da uwarsa ke lallashinsa da shi, ko wanne ne.

An gwada wani abu mai kama da tsarin Rogers a jihar. Daga shekarar karatu ta 2016 ƙungiyar agaji ta IRC, tare da masu bincike na Jami'ar New York, ta gudanar da darussan ƙari ga yaran firamare a Diffa, inda aka horar da malamai su sa aji ya zama wurin natsuwa, mai tsari da yaro zai iya dogara da shi, ba duka ba tsawa. Binciken ya nuna yaran da suka sami darussan sun fi takwarorinsu ci gaba a karatu da lissafi. Abin lura shi ne, tausayin tafe yake da ƙarin sa'o'in koyarwa a ƙananan rukunai.

Wannan ya kawo ni inda nake rabuwa da Rogers. Ya so malami ya janye, ɗalibi ya zaɓi abin da zai koya da kansa. Wannan na iya dacewa da ɗaliban jami'ar da ya sani, masu ɗakin karatu a kusa. A ƙasar da binciken PASEC na 2014 ya nuna ƙasa da 1 cikin 10 na masu gama firamare ne ke karatu yadda ya kamata, barin yaro ya nemo wa kansa hanya sakaci ne. Yana bukatar wanda zai koya masa baƙi da wasali ɗaya bayan ɗaya, ya gyara masa kuskure. Haka nan mazhabar ta cika kallon mutum shi kaɗai, alhali yaron Komadugu yana samun kansa ne cikin dangi da unguwa da makarantar allo, kuma malamin da bai san ƙofar gidan ɗalibinsa ba rabin labarinsa kawai ya sani.

Sai kuma shi malamin, wanda littattafan suka cika mantawa da shi. Yawancin malaman firamare a Nijar 'yan kwantaragi ne, albashinsu kaɗan, wani lokaci ya makara. Da yawa daga na Diffa su ma gudun hijira suka yi, wasu an turo su daga jihohi masu nisa ba su jin harshen ɗalibansu. Ba adalci ba ne a nemi natsuwa da haƙuri wurin wanda ba a tambayi yadda ya kwana ba. Sufetocin da ke zagayen makarantun Maine-Soroa da Ngigmi su riƙa zama da malami su saurare shi kafin su buɗe littafin darasinsa, makarantun horar da malamai kuma su sa sanin alamun firgici a jikin yaro cikin abin da ake jarraba ɗalibin malanta a kai kafin a ba shi aji.