Malfar Inna a kan Jaji

A shekarar 1808 Alƙalawa ta faɗi, shekara ta gaba kuma Muhammadu Bello ya fara gina Sakkwato. Abin da muka haddace ke nan a makaranta. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne su wa suka cika gidajen sabon birnin. Akwai Fulani malamai da makiyaya, akwai Gobirawa da Zamfarawa da Kabawa da Adarawa da Buzaye. Wasu sun zo da ƙafarsu don neman ilimi ko kasuwa. Wasu da yawa kuwa, musamman mata, ganimar yaƙi ce ta kawo su. Mace ta kwana tana Bagobira mai dangi da gona, ta wayi gari tana ƙwarƙwara a gidan da ake Fillanci a tsakar gida, ake Larabci a zaure.

Irin wannan mace in zuciyarta ta ƙuntata, ta daina cin abinci, barci ya ƙaurace mata, ina za ta kai kukanta? Maganin da ta sani tun a gida shi ne bori.

Mu da muka tashi a Sakkwato da wuya mu ambaci bori ba tare da neman tsari ba, kuma hukuncinsa a Musulunci a fili yake. Amma mai duba tarihi dole ya tambayi abin da ya sa mata suka riƙe shi har a ƙarƙashin tutar Shehu. A birnin iskoki, Jangare, kusan kowace ƙabila tana da wakili. Akwai Barhaza Bafulatana, akwai Bagwariya, akwai Ɗan Galadima ɗan sarauta mai almubazzaranci, har da Malam Alhaji mai tasbaha da tari. Duk baƙon da ya shigo ƙasar Hausa da ƙarfinsa, sai ’yan bori su yi masa gurbi. Wadda aka yi wa girka kuma ana kwanaki ana jinyarta, a fito da ita cikin wata ƙungiya da ta san sunanta, take zuwa bikinta da zaman makokinta. Ga wadda aka raba da kowa nata, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Nana Asma’u, wadda aka haifa a 1793, ta gane haka fiye da yawancin mazan zamaninta. Ita kanta ’yar harsuna ce: ta yi rubutu da Fillanci da Larabci da Hausa. Ta yi tir da bori a waƙoƙinta ba tare da kwana-kwana ba. Sai dai ba ta tsaya ga tir ba. A ƙasar Gobir akwai sarautar Inna, mace daga gidan sarki, wadda take shugabar ’yan bori, alamarta kuwa babbar malfa ce. Da Asma’u ta kafa ’Yan Taru, sai ta riƙa zaɓar mata dattijai daga ƙauyuka, ta naɗa su Jaji, ta ɗora musu malfa da jan rawani. Duk Bagobirar da ta hango wannan malfa ta san me take nufi: ga uwar da ake kai wa kuka. Hular ba ta sake ba, abin da ke bakin mai sanye da ita ne ya sake.

Jajin nan su ke jagorantar ayarin ’yan mata da tsofaffi, su taka da ƙafa zuwa wurin Asma’u, ɗauke da sadakar hatsi da zuma da sauran abin da ya sawwaƙa. Su haddace waƙoƙi, su koma su koya wa matan auren da ba su samu fitowa ba. Da Hausa aka yi musu, harshen waɗanda aka ci da yaƙi. Don haka ne ma Asma’u ta mayar da waƙar mahaifinta, Tabbat Haƙiƙa, daga Fillanci zuwa Hausa. A 1839 kuma ta rubuta Tabshir al-Ikhwan da Larabci, inda ta tattaro falalar surorin Alƙur’ani da abin da ake karantawa don ciwo da tsoro da damuwa da naƙuda. Idan aka lura, waɗannan su ne ƙofofin da mata ke bi su isa gidan bori.

Kada mu yi wa labarin kwalliyar da ta wuce kima. Gidan da ya kawo maganin shi ne gidan da ya ci yaƙin, kuma karatun ’Yan Taru bai mayar da baiwa ɗiya ba, bai mayar da ita garinsu ba. Borin ma bai mutu ba. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, iskokin Turawa suka samu nasu gurbin. A 1925 aka ga Hauka a yankin Filinge na Nijar, masu hawan iskar Gwamna da Kwamanda, waɗanda Jean Rouch ya ɗauki jikokinsu a fim ɗinsa na 1955 cikin ’yan ci-rani a Ankara ta Gana. Sabon mai mulki, sabon ciwo, tsohuwar hanya.

Likitancin asibiti ya daɗe kafin ya koyi wannan karatu. Sai a 1954 Dakta Adeoye Lambo ya fara ajiye masu taɓin hankali a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowa tare da ɗan’uwansa, yana kuma aiki da masu maganin gargajiya, saboda ya ga mara lafiya ba ya warkewa da kyau in an tsige shi daga mutanensa.

Yau muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, muna da masu ruƙiyya a kusan kowace unguwa. Muna kuma da sabon nau’in mutanen tsaka-tsaki. Akwai yaron da kakansa Bafulatani ne amma ko gaisuwa bai iya da Fillanci ba. Akwai ’yar Bayarabiya da aka haifa a Mabera, da Sakkwatanci take mafarki, amma takardar asalin jiha ta ce baƙuwa ce, in ta je Ilori kuma a kira ta Bahausa. Akwai irinmu masu wuni muna aiki da Turanci a gaban kwamfuta, da magariba mu durƙusa gaban mahaifi mu rasa kalmar da za mu faɗa masa abin da ke cin ranmu. In aka kai ɗayanmu Kware, dangi su ɓoye don kada a ce gidan akwai hauka. In aka kai shi wurin malam, sau da yawa aljani kawai za a nema, ba wanda zai tambaye shi wa yake hira da shi.

Asma’u ta rasu a 1864, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da karɓar Jaji. Lokacin da Jean Boyd take tattara tarihin da ta wallafa a 1989, ta tarar ’Yan Taru suna nan, matan ƙauye suna zuwa ziyara Hubbare, suna rera waƙoƙin da aka koya wa kakanninsu.