Tarihin ranar da aka kwashe masunta daga tsibiran Tafkin Chadi



Kwaltar nan da ta ratsa Tasawa, in ka bi ta gabas, za ta wuce da kai Damagaram, ta wuce Gure da Maine Soroa da Diffa, ba za ta tsaya ba sai Gigimi. Can ƙarshenta tarihinmu na yau ya faru, cikin watan Mayu na 2015. Mu nan ba masunta ba ne, manoman hatsi da wake ne, kifinmu sai ɗan na tabki in damina ta yi kyau. Amma duk wanda ya taɓa sayen banda a kasuwa don miya, ko yake da ɗan uwa da ya taɓa tafiya cin rani bakin ruwa, to maganar ta shafe shi.

Mu fara da tafkin kansa. A shekarun 1960 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, ruwa na zuwa dab da Gigimi. Farin shekarun 1970 da na 1984 ya janye shi, har ɓangaren Nijar ya daɗe a bushe. Buduma, waɗanda su ne mutanen tsibiran tun kaka da kakanni, wasu suka bi ruwa zuwa Chadi da Najeriya, wasu suka koma noma a inda ruwan ya bari. Da ruwa ya fara dawowa wajen ƙarshen shekarun 1990, sai mutane suka biyo shi: Buduma, Barebari, Hausawa daga Nijar da Najeriya, har da mutanen Mali. Mai taru da tarunsa, mai ƙugiya da ƙugiyarsa, mai gura da gurarsa. A kama tarwaɗa da ƙarfasa, a banda su, a ɗaure cikin kwali, mota ta kwashe zuwa Maiduguri da Kano har kudancin Najeriya. Kuma ba mai kamun kaɗai ke ci ba. Akwai mai ice, mai bandawa, ɗan dako, mai gyaran kwalekwale, matar da ke tuwon sayarwa a bakin ruwa. Kifi guda, baki goma.

Sai Boko Haram ta shigo. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 ta kai hari Bosso da Diffa, kwana kaɗan bayan haka gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar Diffa. Aka hana hawan babur, aka hana cinikin kifi da na jan tattasai, bisa hujjar cewa da kuɗinsu ƴan ta'adda ke sayen makamai da abinci. Ranar Asabar 25 ga Afrilu suka afka wa sojojinmu a tsibirin Karamga. Alƙaluman da gwamnati ta bayar: soja 46 da farar hula 28 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Bayan wannan harin ne gwamnan Diffa na lokacin ya ba da umarni kowa ya fita daga tsibiran kafin Litinin 4 ga Mayu, don soja su samu filin yaƙi. Kwanaki ne da ba su cika yatsun hannu guda ba. Ku tuna fa, watan Mayu ne, lokacin da ko a inuwa mutum ke neman numfashi. Ba a tanadi isassun motoci ba, ba a ajiye ruwa a hanya ba. Mutane suka bar jirage da taruna da kifin da ke kan banda, wasu har da shanu, suka tako da ƙafa cikin rairayi, tafiyar kwana biyu, kwana uku, mata da goyo, tsofaffi da sanda. An samu waɗanda ƙishirwa ta kashe a hanya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kimanin mutum 25,000 suka iso Gigimi da Bosso. Dubban ƴan Najeriya da ke cikinsu, da yawansu Hausawa masunta da suka shekara da shekaru a tsibiran, aka loda su a manyan motoci aka kai su iyaka, suka sauka Gaidam ta jihar Yobe hannu rabbana.

Ba mu ce babu dalili ba. Wanda ya ga gawar soja 46 ba zai ce tsibiran lafiya lau suke ba, kuma gaskiya ne mayaƙan na ɓuya cikin ciyayin tafkin suna karɓar haraji a hannun masunta. Abin da muke ƙi shi ne yadda aka yi abin. Hukumar da ta iya ba da wa'adi ta iya aiko da mota da tankin ruwa. Wadda ta ce wa mutum ya bar sana'arsa, ita ya kamata ta faɗa masa abin da zai ci gobe.

Ƙungiyar Alternative Espaces Citoyens ta aika mutanenta suka gano halin da ake ciki, ta fitar da rahoto. Ranar 18 ga Mayu aka kama babban sakatarenta, Moussa Tchangari, a Yamai, aka tsare shi kwanaki a ofishin yaƙi da ta'addanci kafin a sake shi. Wannan suna ba baƙo ba ne ga wanda ya san 2005. Yana cikin jagororin da aka kulle a watan Maris na waccan shekara, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, sa'ad da aka ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari kan kayan masarufi.

To tun da mun ambaci 2005, bari mu tsaya nan kaɗan, don a nan labarin Diffa ya haɗu da namu. Manyanmu ba su manta ba. A waccan shekara jihar Maradi, wadda ake kira rumbun ƙasa, ita ce ta fi cika cibiyoyin jinyar yara masu tamowa. Hatsi bai ɓace daga kasuwa ba, yana nan jibge a buhu. Kuɗin tiya ne ya fi ƙarfin talaka. Gwamnati ta daɗe tana cewa sai dai a sayar da rahusa, ba a raba kyauta ba, har Jean Ziegler, wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin cimaka, ya zo Nijar cikin Yuli ya yi magana. Mu hatsi na gabanmu ba mu iya saye, su kifi na cikin ruwa an hana su kamawa. A duka biyun cimakar tana nan, tsakaninta da baki ne aka gitta wani abu.

Mutane da dama in sun ji an ce haƙƙin cimaka, sai su ɗauka buhun shinkafar agaji ake nufi. A'a. Farkon abin da wannan haƙƙi ke nema ga hukuma shi ne kada ta raba mutum da hanyar da yake ciyar da kansa, gona ce, ko makiyaya, ko ruwa. In ta zama dole ta raba shi, to ciyar da shi ya hau kanta har ya samu madadi. Ba baƙuwar magana ba ce. Nijar ta shiga yarjejeniyar duniya kan haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa tun 1986, kuma aya ta 12 ta kundin tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010 ta ambaci haƙƙin samun cimaka mai kyau kuma isasshiya ƙarara. Wannan kundi yana aiki a ranar da aka kwashe mutanen tsibiran. An jingine shi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, amma yarjejeniyar tana nan.

Me ya biyo baya? Masunta suka zama masu layin karɓar abinci. Wasu aka kai su sansanin Kablewa, wasu suka kafa bukkokin zana da leda a bakin kwaltar nan tamu, tsakanin Diffa da Gigimi. Mutumin da jiya yake aika wa gida kuɗi, yau yana jiran kati. Wanda yunwa ta matsa wa ya saci jiki ya koma ruwa da dare: in soja suka gan shi, ɗan Boko Haram ne, in Boko Haram suka gan shi, ɗan leƙen asirin soja ne, ko kuma ya biya su kafin ya jefa taru. Kun ga ke nan harajin da aka so a toshe bai toshe duka ba, halal ɗin ce ta toshe. Kablewa ma ba ta tsira ba, ƴan ƙunar baƙin wake sun kai hari sansanin cikin 2017 mutane suka watse.

An ɗage hanin tattasai a 2017. Na kifi kuwa sai 2019, wato shekara huɗu cur. Amma izini ba ya ɗinka tarun da ya ruɓe, ba ya dawo da kwalekwalen da aka bari a Karamga, kuma tsibiran da yawa har lokacin ba sa shiguwa. Cikin Yuni 2021 gwamnatin Bazoum Mohamed ta fara mai da ƴan gudun hijira garuruwansu, aka fara da Baroua da ke kusa da tafkin, dubban mutane suka koma cikin rakiyar soja. Wata biyu bayan haka, cikin Agusta, aka kai wa sojojin da ke gadin garin hari, 16 suka rasu.