Kare Yara Daga Cin Zarafi a Makarantun Allo da na Islamiyya

Yaron da aka kai makaranta amana ne a hannun malaminsa. Dokar Haƙƙin Yara ta Tarayya ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai cika shekara 18 ba a matsayin yaro, kuma Jihar Kaduna ta kafa tata dokar kare yara a 2018. Wannan kariya ta shafi almajirin tsangaya kamar yadda ta shafi ɗan makarantar boko.

Mene ne cin zarafi?

Ya haɗa da dukan da ke barin rauni, ɗaurewa da mari ko sarƙa, horo da yunwa, lalata da yaro, da ƙin kai shi asibiti idan ba shi da lafiya. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun kuɓutar da mutane fiye da 300, manya da yara, daga wani gida a Rigasa, waɗansu da sarƙa a ƙafa.

Alamomi

A lura da tabon bulala, ramewa, wahalar tafiya ko zama, yawan firgita, da ƙin komawa makaranta.

Rigakafi

Iyaye su bincika halin malami kafin su miƙa masa ɗansu, su riƙa ziyara ba tare da sanarwa ba. Malamai su raba makwancin ƙananan yara da na gardawa, kada babba ya keɓe da yaro a ɗaki. Masu unguwanni da dagatai su ajiye rajistar makarantun yankinsu da sunayen ɗalibai.

Kai rahoto

1. A fara raba yaron da wanda ake zargi.
2. A saurare shi cikin natsuwa, ba tare da tsawa ba.
3. Idan lalata ce, a garzaya asibiti kafin a yi masa wanka ko a wanke tufafinsa. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72. Cibiyoyin Salama da ke Kaduna, Zariya da Kafancan don irin wannan aka buɗe su.
4. A sanar da 'yan sanda ko jami'in jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma. Lambar gaggawa ita ce 112.

Fyaɗe babban laifi ne da kotu ke hukuntawa, bai kamata mai unguwa ya sasanta shi a zaure ba. A rufa asirin yaron, kada a yaɗa sunansa ko hotonsa.