Magungunan Ciwon Sukari da Raunin Ƙwaƙwalwa Mai Nasaba da Jijiyoyin Jini

Raunin ƙwaƙwalwa mai nasaba da jijiyoyin jini lalura ce da ke samuwa idan jini ya gaza isa wasu sassan ƙwaƙwalwa yadda ya kamata, ko dai bayan shanyewar ɓarin jiki, ko kuma sakamakon lalacewar ƙananan jijiyoyi sannu a hankali. Alamominta na farko su ne jinkirin tunani, rikicewar lissafi da kasa tsara al'amuran yau da kullum. Mantuwa kan biyo baya. A gari irin Potiskum da ke jihar Yobe, inda kasuwar shanu da ta hatsi ke ciyar da gidaje masu yawa, akan fara lura da ita ne idan dattijon da ya ƙware a ciniki ya soma ɓata ƙidayar kuɗi.

Ciwon sukari da hawan jini na cikin manyan abubuwan da ke haddasa ta. A rahotonsa na 2024, kwamitin masana na mujallar Lancet ya sanya ciwon sukari cikin abubuwa 14 da za a iya magancewa domin rage cutar mantuwa.

Sai dai har yanzu babu wani maganin sukari da aka tabbatar yana dawo da ƙwaƙwalwar da ta raunana. Binciken ACCORD-MIND, wanda aka gudanar a Amurka da Kanada aka wallafa a 2011, ya nuna cewa matsa wa sukari ya sauka ƙasa sosai bai inganta tunanin majinyata ba. Amfanin da aka fi gani shi ne na kare jijiyoyi: binciken IRIS na 2016 ya gano cewa pioglitazone na rage sake aukuwar shanyewar jiki da bugun zuciya, ko da yake yana ƙara ƙiba, kumburi da haɗarin karayar ƙashi. Allurar dulaglutide ma ta rage shanyewar jiki a binciken REWIND na 2019.

Babban haɗari ga tsofaffi shi ne faɗuwar sukari ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL, abin da glibenclamide da insulin kan jawo. Alamominsa sun haɗa da gumi, karkarwa, ruɗewa da suma, kuma maimaituwarsa na cutar da ƙwaƙwalwa. Mai mantuwa kan sha magani sau biyu, ko ya sha bai ci abinci ba, haɗarin kuma na ƙaruwa a watan Ramadan. Shi ya sa likitoci kan sassauta wa irin waɗannan majinyata, su amince da gwajin HbA1c ƙasa da kashi 8 cikin 100, su kuma rage yawan ƙwayoyi.

Metformin ba ya yawan kayar da sukari, amma daɗewa ana shan sa na iya rage bitamin B12, wanda ƙarancinsa ke kawo mantuwa da ake iya magancewa. Ba a kuma ba da shi idan ƙoda ta yi rauni sosai, lamarin da ke da muhimmanci a Yobe, inda cutar ƙoda ta daɗe tana addabar yankin Gashuwa.

Masana lafiya na shawartar iyalai da su naɗa mutum ɗaya ya riƙa ba da magani, su adana insulin nesa da zafin rana, su riƙa auna hawan jini, kuma kada su sauya magani ba da izinin likita ba. Mazauna Potiskum na iya fara neman gwaji a asibitin gwamnati na garin, daga nan a tura mai buƙata Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu.